Neman shawara: labarin tsohuwa mai gigin tsufa

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina rubuta labarin Iya, tsohuwar da ta yi sana'ar tuwo a tashar jirgin ƙasa ta Nguru zamanin cinikin gyaɗa. Yanzu gigin tsufa ya kama ta, kullum da asuba sai ta ɗauki tukunya wai jirgin Kano ya kusa isowa. Waɗanda na bai wa babin farko dariya suka yi ta yi, ni kuwa da ƙwalla na rubuta shi. Yaya zan nuna mantuwarta ba tare da ta zama abin dariya ba?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki lura, abin ɗazu ne ke fara ɓacewa, na da yana daɗewa. Za ta manta ta ci abinci, amma ta kawo miki farashin kwanon dawa da sule da sisi, kuɗin da aka daina tun zuwan naira a 1973. Ruɗewar kan ƙaru wajen magariba. Kuma don Allah kada ki mai da ita mayya ko mai iska, tsofaffi da yawa sun sha wahala saboda wannan zargin.

Malamin makaranta: Ni ina ganin garin ne kika bari a baya. A ƙaramin gari kowa ya san 'yar gidan wa ce. Idan ta fita, mai shayi zai ba ta benci, ɗan acaɓa ya mayar da ita gida bai karɓi ko kwabo ba, wata dattijuwa ta biye mata su yi hirar jirgi. Mai karatu idan ya ga mutanen gari suna girmama ta, shi ma ba zai yi dariya ba.

Uwar marayu: 'Yata, ki yi amfani da alkunya. Kakata ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba, sai da tsufa ya ruɗa ta. Ran da ta kira shi da sunansa a tsakar gida, shi mai furfura, fita ya yi zaure ya yi kuka. Ki sa irin wannan.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Mama. Iya ma tana da ɗan fari, direban mota ne a Gashuwa. Yau zan sake babin daga farko.