Neman kalma: me za mu kira "trumpet" da ke cikin kwamfuta?

Mai Situdiyo, Bauchi Road: Assalamu alaikum iyayena da malamaina. Ranar Asabar zan fara koya wa matasa 12 haɗa kiɗa da kwamfuta a nan Jos, kuma na yi musu alkawarin takardar darasi da Hausa, domin yawancinsu sun iya taɓa fiyano amma Turancin manhaja yana yi musu nauyi. A darasin kayan busa na cije. Ina neman sunan abin da Bature ke kira "trumpet", da kuma sunan irinsa marar jiki, wanda ake buɗewa a manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio ko Cubase. Marar jikin nan iri biyu ne. Akwai wanda aka kawo mabushi na gaske aka naɗi sautinsa ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi da kuma a hankali, aka tara a rumbu, kamar waɗanda ake buɗewa da manhajar Kontakt. Akwai kuma wanda kwamfuta ce ke lissafa yadda leɓe ke karkarwa da yadda iska ke bin bututu, kamar SWAM na kamfanin Audio Modeling da ke Italiya. Ranar Alhamis zan kai takardar wurin mai bugawa.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan ba abin wahala ba ne, domin Bahaushe yana da kakaki tun kafin Bature ya taka ƙasar nan. Ka rubuta kakaki. Na cikin kwamfuta kuwa ina ba da shawarar "kakakin gizo", bisa tsarin yanar gizo, wadda kowa ya riga ya karɓa.

Tsohon Ɗan Badujala: Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Na yi shekaru ina busa wannan abu a fareti, kuma na tsaya kusa da masu kakaki a hawan Sallah. Kakaki miƙaƙƙe ne, yakan haura mita 2, ba shi da abin dannawa, sautinsa kaɗan ne, kuma sarki ake yi wa shi. Namu bututu ne na kusan mita ɗaya da rabi da aka naɗe, yana da bawul uku, wato abubuwan dannawa. Idan ka danna bawul, iska takan bi ƙarin hanya, bututun ya ƙara tsawo, sautin ya sauka. Na tsakiya ya fi saukar da shi kaɗan, na uku ya fi saukar da shi da yawa. Kafin fareti sai na zare kowane bawul na ɗiga masa mai, na buɗe ɗan murfin da ke ƙasa na fesar da ruwan da numfashi ya tara. Yaron da aka ce masa kakaki ba zai taɓa hango wannan ba. Mu a bariki tirampet muke cewa, wanda ba shi da bawul kuma begila.

Malama Mai Fassara: Baba ya faɗi gaskiya. Zan ƙara da cewa kada a ɗauko ƙaho, ko da yake shi ne ya fara zuwa mini. A Littafi Mai Tsarki na Hausa da kuma wurin tafsirin Alƙur'ani, busa ƙaho magana ce ta ranar ƙarshe, kuma nauyinta ya fi ƙarfin takardar situdiyo. Kakaki ma ya riga ya ɗauki wani kaya, tunda da shi muke kiran shugaban majalisar wakilai da mai magana da yawun hukuma.

Malamin Hausa: Ɗaukar ma'ana biyu ba aibi ba ne ga kalma, alama ce ta cewa tana da rai. Abin da ke damuna shi ne saurin da muke yi wajen miƙa wuya. Yau tirampet, gobe wata, har a wayi gari jimla ba ta da komai na Hausa sai "da" da "na". Na san a Jos an saba cakuɗa harshe, amma abin da za a buga a takarda ya kamata a auna shi da ma'aunin Kano da Zariya. Ina nan a kan kakakin gizo, kuma tsarin zai ba mu algaitar gizo da gangar gizo ba tare da wata wahala ba.

Malama Mai Fassara: Malam, wannan magana ta yi mini zafi. Hausar da ake yi a Gangare da Dilimi da kasuwar Taminus ba aro muka yi ba, da ita aka haife mu, da ita muke ciniki da ibada, Musulmi da Kirista. Kuma begila da badujala da kowa ke ɗauka Hausa ce tsantsa, ai begilar daga bakin sojan Ingila ta fito, ba wanda ya ce ta ɓata harshe.

Mai Gyaran Sauti, Abuja: Ina roƙo mu koma kan aikin. Gizo yana da matsala ta zahiri: duk wanda ya ji shi zai ɗauka sai da intanet abin ke aiki, alhali manhajar tana zaune a kwamfutarka ko babu data. Tun 1983 aka samar da MIDI, wato yaren da fiyano ke gaya wa na'ura wane maɓalli aka danna da irin ƙarfin dannawar, kuma a 1999 kamfanin Steinberg na Jamus ya buɗe hanyar sa kayan kiɗa cikin manhaja ta tsarin VST. Babu ɗayansu da ya dogara da yanar gizo. "Na bogi" ma da wasu yara ke faɗa bai dace ba, domin ba yaudara ake yi ba. Ni ina ganin "na manhaja" ya wadatar. Inda ya kamata mu sa ƙarfi shi ne raba iri biyun nan, saboda hannun yaro ya dogara da wannan bambanci. Na naɗi, ka danna ya fito da abin da aka riga aka busa, yana da daɗi nan take, amma idan ka maimaita sauti guda da sauri sai kunne ya gane na'ura ce. Na lissafi, irin hanyar da Yamaha ta fito da ita a na'urar kiɗanta VL1 a 1994, bai cin wuri sosai a kwamfuta, amma idan ba ka riƙa juya masa ƙarfin iska daga farkon sauti zuwa ƙarshensa ba, zai fito a sandare kamar hon ɗin mota.

Tsohon Ɗan Badujala: Wannan bayani ya kwanta mini, ɗana. Ashe na lissafin yana neman abin da malaminmu ke nema a wurinmu, wato numfashi. To ina tambaya: wanda ya danna fiyano tirampet ya fito, kiɗa ya yi ko busa? A wurinmu ba a kaɗa tirampet.

Malamin Hausa: Tambayar Baba ta fi duk abin da muka tattauna muhimmanci. Ina ganin a bar "busa" ga sautin, a ce "ya sa busa a waƙar", a bar "kiɗa" ga aikin hannun. Na naɗi da na lissafi kuma Hausa ce mai kyau, ba ni da ja. Tirampet ne dai har yanzu bai zauna mini ba. Idan ba makawa, a rubuta a farkon ambato cewa ɗan'uwan kakaki ne mai bawul uku, domin yaro ya san gidansu ba a rasa irin wannan ba.

Mai Situdiyo, Bauchi Road: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan kai ranar Alhamis. Dangin gaba ɗaya zan kira su kayan busa na tagulla. Zan rubuta tirampet tare da bayanin da Malam ya nema, sannan tirampet na manhaja, wanda ya kasu zuwa na naɗi da na lissafi. Kakakin gizo zan ambace shi a baki a aji, in ji yadda yaran za su karɓe shi.

Malamin Hausa: Na amince saboda ƙurewar lokaci, ba don an gamsar da ni ba. Ka dawo mana da abin da suka ce.

Mai Gyaran Sauti, Abuja: Saura abu guda da ba mu taɓa ba, wato 'yar na'urar da ake sa wa a baki ana hurawa domin ta gaya wa tirampet na lissafi ƙarfin iska. Ni "mahura" nake ce mata a situdiyo, amma ban ji wani ya kama ba tukuna. Baba, ku da kuka san bakin tirampet, me kuke kiran ɗan kofin da ake ɗora wa leɓe?