Taƙaitawa: In Laftof Ta Ƙi Tashi Bayan An Saka Linux Kusa da Windows

Mutane sun tattauna kan yadda za a kauce wa wannan matsala ko a gyara ta. Ga abin da aka fi haɗuwa a kai:

1. Kafin komai, a kwafe fayiloli, a adana mabuɗin BitLocker (tsarin Windows da ke rufe faifai, sai da mabuɗin a buɗe shi). Wannan babu jayayya.
2. A kashe Fast Startup (saitin saurin tashi) a Windows, don yana barin faifai a kulle.
3. Windows da Linux duka su zama a tsarin tashi ɗaya. In Windows na kan UEFI (sabon tsari), kar a saka Linux a Legacy (tsohon tsari).
4. In GRUB (allon zaɓar Linux ko Windows lokacin tashi) bai fito ba, galibi yana nan, jerin tashi ne ya canza. A shiga BIOS (saitin kwamfuta na kafin tashi) a maido da GRUB saman jerin.
5. In Linux bai ga faifai ba, a duba a BIOS ko faifan na kan RST (yanayin faifai na Intel), amma sauya shi zuwa AHCI (yanayin da Linux ke gane faifai) kai-tsaye na iya hana Windows tashi.

Inda aka rabu shi ne Secure Boot, kariyar da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashin kwamfuta. Wasu sun ce a kashe shi kawai, wasu kuma sun ce Ubuntu da Fedora (nau'o'in Linux) na aiki da shi lafiya, kuma a ganina ya kamata a fara gwadawa da shi a kunne.