Shin kalmar "attercop" ta mutu?

Ɗalibin Turanci: Assalamu alaikum. Yau raina ya ɓaci. Na rubuta a aikin da aka ba mu cewa tsofaffin kalmomin karkarar Ingila waɗanda suka mutu sun fi Turancin Landan asali, na kawo misali da "attercop", wato gizo-gizo, wadda aka ƙera daga "attor", dafi, da "coppe", kai. Malaminmu ya soke ta da jan biro, ya ce ba Turanci ba ce, alhali gaɓar farko ta "cobweb", saƙar gizo-gizo, ragowar wannan kalma ce. An zalunce ni ko ba a zalunce ni ba?

Malama mai ritaya: Wa alaikumus salam, ɗana. Ban yarda da cewarka "suka mutu" ba. Masanin harsuna Joseph Wright ya tattara karin harshen Ingila cikin ƙamus mai juzu'i 6 tsakanin 1898 da 1905, kuma duk kalmar da ke cikinsa, har da "attercop", tana nan tana jiran mai nema. Ta yaya za a kira abin da aka adana matacce?

Mai fassara: Hajiya, a gafarce ni, adanawa daban, rayuwa daban. Kalma tana da rai ne muddin uwa tana faɗa wa ɗanta ita. A yankin Yorkshire na arewacin Ingila har yanzu ana jin "beck" da nufin rafi, da "laik" da nufin wasa, waɗannan su ne rayayyu. Kuma ko su ma daga bakin mutanen Sikandinebiya suka shigo, waɗanda suka ci birnin York a 866.

Malama mai ritaya: Malam, kana raina aikin mutumin da ya fara da korar jaki yana ɗan shekara 6, ya yi ƙwadago a masaƙa, bai iya karatu ba sai da ya kai kimanin shekara 15, amma ya tafi Jamus ya yi digirin digirgir, ya zama farfesa a Oxford a 1901. Karin harshen da ya tattara, da shi aka goya shi.

Mai fassara: Ban taɓa mutuncinsa ba, Hajiya. Wahalar marubuci ba ta busa wa kalma rai.

Jikan makiyaya: Ku duka kun manta da ƙidayar tumaki ta arewacin Ingila: "yan, tan, tethera, methera, pimp". Makiyayi yakan ƙirga zuwa 20, ya ajiye tsakuwa ɗaya, ya sake farawa. "Pimp", wato biyar, 'yar'uwar "pump" ce ta harshen mutanen Wales. Makiyaya sun daina, amma ana koya wa yara ita kamar waƙa. Wannan a wane ɓangare za ku sa ta?

Mai fassara: Waƙar yara ba ƙidaya ba ce, ɗan'uwa.

Ɗalibin Turanci: Har yanzu babu wanda ya ce komai game da makin da aka hana ni.

Shugaban zaure: Mu tsaya nan. Abin da na fahimta shi ne Hajiya ta kawo hujja da shekaru da littafi, kuma babu wanda ya iya ture ta, saboda haka "attercop" ba ta mutu ba. Mai fassara ya kawo ra'ayinsa ne kawai. Ɗalibi ya nemi juzu'in farko na ƙamus ɗin ya kai wa malaminsa.