Taƙaitawar Shawarwari kan Ciwon Damuwar da Ya Ƙi Jin Magani

A tattaunawar da aka yi kan yadda za a taimaki wanda ciwon damuwarsa ya ƙi jin magani, mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun haɗu a kan cewa idan mai ciwon damuwa ya sha magani yadda likita ya tsara amma bai samu sauƙi ba, kada a jingine maganin, a haɗa shi da zaman gyaran tunani da ɗabi'a, wato ganawa da ƙwararre da ke koya wa mutum ƙalubalantar munanan tunaninsa da sauya halayensa, hanyar da likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960. Hujjarsu ita ce binciken da aka wallafa a Birtaniya a 2013, inda kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa biyun suka samu sauƙi bayan wata shida, alhali cikin masu shan magani kaɗai kashi 22 ne.

An fi jaddada a fara da ƙananan ayyuka: wanka, cin abinci, zama a ƙofar gida na minti goma, sannan a rubuta yadda aka ji bayan kowanne. A ganina wannan ita ce shawara mafi amfani, domin wanda ya kasa tashi daga kwance ba shi da ƙarfin yin jayayya da tunaninsa. Wanda kuwa ya fara tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti nan take.