Makirfo na ɗaukar ƙara, muryata kuwa can ƙasa

Jama'a, don Allah ku taimaka mini. Kwana uku ke nan ina fama da kwamfutata ta tebur mai Windows 10. Ina naɗar karatun yara da manhajar naɗar sauti ta Audacity, amma idan na saurara sai wani ƙugi mai kauri ya danne muryata, kamar ina magana daga cikin rijiya.

Na sauya makirfon daga ramin gaba zuwa na baya, mai launin ruwan hoda, na ƙara ƙarfinsa a saiti, ƙugin ma ya ƙaru. Abin da ya ɗaure mini kai, idan muna kan janareta ya fi tsanani.

Matsalar wuta ce ko ta katin sauti? Makirfon USB zai magance ta? Ranar Asabar zan miƙa aikin.