Neman kalma: tarar da ake cin 'yan Roma saboda ƙabilarsu

Mai Fassara: Malamai, barkanmu da war haka. Zan miƙa rahoton rediyo kafin azahar gobe kan al'ummar Roma ta ƙasar Hangari, kuma kalmar *ethnic profiling* ta tsaya mini. A ƙauyen Rimóc, a shekarar 2011, an lura cewa kusan duk waɗanda 'yan sanda suka ci tara saboda kekensu ba shi da fitila ko ƙararrawa 'yan Roma ne, alhali ba su ne masu rinjaye a ƙauyen ba. Kwamitin Helsinki na Hangari, wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam, ya shiga maganar a gaban hukumar tabbatar da daidaito, aka sasanta a 2012. Na rubuta "wariyar launin fata", amma raina bai kwanta ba.

Malamar Hausa: Da gaskiyarka, domin wariya ta yi faɗi, ta haɗa da makaranta da aiki da muhalli. Abin da kake nufi shi ne ɗan sanda ya zaɓi wanda zai tsayar tun kafin ya ga laifi. Ina ganin "sa ido bisa ƙabila" ya fi kusa. Sannan kada ka ce "Romawa", mai sauraro zai ɗauka mutanen daular Rum kake nufi, su kuwa waɗannan asalinsu daga arewacin Indiya yake.

Ɗan Jarida: Me zai hana "kuɗin goro"? Kowa ya san shi.

Malamar Hausa: Kuɗin goro kowa yake shafa, Malam, mai laifi da marar laifi. A nan kuwa fitilar ba ta jikin keken, doka ta ce a ci tara. Zaluncin shi ne maƙwabcinsa ya wuce da irin keken ba a ce masa uffan ba.

Dattijo: Ku yaran yanzu kullum sai ku jero kalma uku inda ɗaya ta isa. Na daɗe ina ba da shawarar "ƙabiltawa", daga ƙabila, kamar yadda muka sami "siyasantarwa" daga siyasa. 'Yan sanda sun ƙabilta shi, shi ke nan. Harshen da ba ya ƙirƙira, aro zai yi ta yi har ya manta kansa.

Ɗan Jarida: Allah ya ƙara girma, Baba, amma direban da ke sauraro a tasha ba zai tsaya ya warware ginin kalma ba. Kalmomin da ake ƙerawa a jami'a da yawansu ba su taɓa fita ƙofar sashe ba.

Dattijo: Su kuma gidajen rediyon da kuke taƙama da su, wa ya horar da masu fassararsu in ba jami'ar ba?

Mai Fassara: Ina neman afuwa, iyayena, lokaci yana ƙurewa. Akwai ɓangaren da babu ɗaya daga cikin shawarwarin da ya ɗauko, wato talauci. Dokar ƙananan laifuka ta 2012 ta ba da damar mayar da tarar da ba a biya ba zuwa aikin al'umma ko tsarewa, a lokacin kwana ɗaya a tsare kan kowane forint 5,000 na kuɗin Hangari, saboda haka mutumin da ya kasa sayen fitilar keke yana iya kwana a tsare a kanta. "Sa ido" ya yi sanyi ga wannan.

Malamar Hausa: To ka raba aikin biyu. A kanun labari ka ce "tsangwamar 'yan sanda bisa ƙabila", a cikin rahoto kuma ka bayyana tarar da tsarewar filla-filla. Sai dai ka kula, a sulhun Rimóc 'yan sanda ba su amsa cewa da gangan suka yi ba, don haka ka jingina kalmar ga masu ƙorafi.

Dattijo: "Tsangwama" Hausa ce, ba zan musa ba, ko da yake bayani kuka yi, ba kalma kuka samar ba. Ka yi amfani da ita gobe. Ni dai "ƙabiltawa" zan ci gaba da koya wa ɗalibaina.

Mai Fassara: Na gode, Baba. Na sa tsangwamar, na aika wa edita.