Matatar ruwan rijiyata ta daina riƙe tsatsa, ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka min, abin ya fi ƙarfina.

Shekara uku ke nan da na haɗa wa rijiyar gidana matatar cire sinadarin ƙarfe, irin mai tanki da baƙin yashin manganis a ciki, kuma ni nake kula da ita da kaina. Da ruwan garau yake fitowa. Yanzu kuwa in na tara a bokiti, kafin awa ɗaya ya koma ja, fararen kayan yara duk sun yi tabo.

Na juya ruwa baya na wanke yashin sau uku, na zuba sabon famanganet, sinadarin da ke farfaɗo da yashin, na canza ƙaramar filtar gaba. Shiru. Da na gwada, ƙarfen da ke cikin ruwan ya haura iyakar da ake so ta 0.3 na miligiram a lita sosai.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wani jan yauƙi da na gani a tankin bayan gida. Ƙwayoyin cutar da ke cin ƙarfe ne? In su ne, sai na zuba kulorin a rijiyar tukuna, ko yashin ne ya mutu in canza shi? Ko kuwa famfon tura ruwan ne ba ya da ƙarfin ɗaga yashin lokacin wanki?